Ejansin neman aiki sun ce in biya 15,000 kuɗin rajista, in biya ko in haƙura?

Ɗan Badariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema kuma da ɗan gaggawa saboda ranar Litinin suka ce in koma. Na gama HND ɓangaren akanta a poli ta Waziri Umaru nan Birnin Kebbi, na yi bautar ƙasa a jihar Kwara, na dawo gida yau wata goma sha ɗaya ke nan babu komai, ɗan abin da na tara na alawi ya ƙare tun kafin babbar sallah, yanzu shagon POS na yayana nake tsare masa in ya tafi fadama. To wani abokina ya turo min wata sanarwa a guruf ɗinmu na WhatsApp wai ejansi ce mai sama wa mutane aiki, suna neman sito kifa, wato mai kula da sito, da masu lissafi a wani kamfanin shinkafa, da kuma masu karɓar kuɗi a banki. Na je ofis ɗin, ɗaki biyu ne a saman bene, akwai kwamfuta da bana mai sunan kamfanin a bango da satifiket na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a firem, mutumin ya karɓe ni hannu bibbiyu ya duba CV ɗina ya ce ai irina suke nema. Sharuɗɗansu uku ne, in biya 15,000 na fom da rajista, in an samu aikin rabin albashin watan farko nasu ne, sannan in ajiye orijinal ɗin satifiket ɗina na bautar ƙasa a wurinsu har in yi wata shida, wai don kar mutum ya gudu ya kunyata su. Na tambayi sunan kamfanin shinkafar ya ce sai na biya tukuna don mutane na zagayewa su je da kansu. Gaskiya 15,000 ɗin ma rance zan yi wurin gwaggona. Akwai wanda ya taɓa samun aiki ta irin wannan hanya? Haka tsarin yake dama ko ni ne ban waye ba?

Tsohon Ɗan Kwantiragi:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ta hannun ejansi na yi aikin banki shekara huɗu, tela nake, wato mai karɓa da biyan kuɗi a kanta, biyu a Yauri biyu a Sakkwato, kuma wallahi ko naira ɗaya ban ba su ba. Abin da na kashe kuɗin motar zuwa Sakkwato ne don jarabawar kwamfuta, da hoton fasfo, da fotokofi, shi ke nan. Abin da ya kamata ka fara tambayar kanka shi ne wa ke biyan ejansin. Ta gaskiya kamfanin da ke neman ma'aikata ne ke biyanta, don ta raba shi da wahalar talla da tantance ɗaruruwan takardu, kai kuma kai ne hajar da za ta kai, in ba ta samo mutumin kirki ba ba za a biya ta ba, shi ya sa ita ke bin ka da waya. In kuwa aka ce kai za ka biya tun kafin a ga aiki to an riga an ci riba a kanka, mutum 100 su biya 15,000 miliyan ɗaya da rabi ke nan, me zai sa ya wahalar da kansa neman wa wani aiki?

Amma bari in faɗa maka ɗaya ɓangaren don kar ka ɗauka ta gaskiyar aljanna ce. Iri biyu ne. Akwai wadda za ta tantance ka ta miƙa ka ga kamfani, daga nan ruwanta ya ƙare, kai ma'aikacin kamfanin ne. Akwai kuma wadda ita ce za ta ɗauke ka sannan ta ba da aronka, ita ce aka fi yi a bankuna da kamfanonin waya da masu gadi da shara. Ni irin ta biyun na yi. Da safe ka sa taye ka shiga banki, mutanen unguwa na cewa ai wane ma'aikacin banki ne, 'yan uwa na turo maka buƙatu, alhali takardar ɗaukar aikinka sunan wani kamfani ne a Legas da ba ka taɓa ganin ƙofarsa ba. Wanda ke kujerar kusa da kai aiki ɗaya kuke yi amma shi cikakken ma'aikaci ne, albashinsa ya ninka naka, ana ƙara masa girma, kai kuwa kwantiragi ne ake sabuntawa duk shekara, kuma in aka samu shotej, wato kuɗi suka yi giɓi a kanta, daga albashinka za a cire. Ranar da aka sallame mu saƙon imel ne kawai ya shigo da yamma, manajan reshe ya ce shi ba shi da ta cewa don ba ma'aikatansa ba ne mu, kuma gaskiya ya faɗa.

Duk da haka ban yi nadama ba, da wannan shekara huɗun na samu aikin da nake yi yanzu. Sai dai da na san abin da na sani yau da tun ranar farko na tambayi abu biyu, nawa ne zai shigo asusuna bayan an cire komai, ba jimillar da ake rubutawa a takarda ba, sannan fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, mai aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunka na fansho mai lambarka. Ni sai da na shekara biyu kafin na duba na tarar akwai watannin da aka cire amma ba a zuba ba, na sha zirga-zirga kafin aka gyara. Ka riƙa duba alat ɗin fansho kamar yadda kake duba na albashi.

Kawun Jega:

Ɗana, ni ban yi boko mai zurhi ba amma na daɗe cikin kasuwa, kuma abin ga da kaka hwaɗi dillanci na, sai dai an sa mai taye. Ni ban ga laihin dillali ba. Wanda yas san inda aiki yake kai ba ka sani ba, ya kai ka, ya tsaya maka, in ya ci wani abu halas nai na. Yaron wajena hakanga yas samu aikin gidan mai, wani mutum yak kai shi, da anka biya albashin hwarko munka kai mai nashi da godiya, har yau ana gaisawa. Amma tahi kasuwar albasa ta Aliero ko kara nan Jega ranar kasuwa ka gani, yaushe dillali ka amsar la'ada? Sai ciniki ya hwaɗa, an sallama, kuɗɗi sun shiga hannu. Ban taɓa ganin wanda yac ce a ba shi la'ada tun ba a ga sa ba, balle ya ce ba ya gwada maka san sai ka biya. Don haka ni rabin albashin bai tada min hankali ba, ana iya zama a yi ciniki a rage, 15,000 ɗin ga ta gaba ita ta ban yarda da ita ba.

Batun satifiket kuwa ko da wasa. Wanda ya riƙe takardarka ya riƙe wuyanka. In an kai ka wurin da ba a biyan albashi wata ukku ƙaƙa za ka yi, ka tahi ka bar takardar? In sun kulle ohis sun ɓace hwa? Ka gwada musu orijinal su gani da idonsu, ka ba su hotokohi, ka maida abinka aljihu. Kuma kar ka ci bashin gwaggonka kan abin da ba ka gani ba, kunyar gida ta hi ta waje ciwo.

Maman Biyu Gusau:

Kawu Allah ya ƙara girma, maganarka ta la'ada ta yi ma'ana amma ka yi min afuwa, a kan rabin albashin nan ban bi ka ba. Ni aikina ke nan, ina ɓangaren kula da ma'aikata a wani kamfani mai zaman kansa kuma mu kanmu mun sha ɗaukar direbobi da masu gadi ta hannun ejansi, mu muke biyansu, akwai yarjejeniya a rubuce. In suka zo suka sake karɓa wurin yaron to sun ci biyu ke nan. Wanda ya kai ɗanka gidan mai mutumin gari ne da ya yi alfarma kuka yi masa ihsani, daban yake da wanda ya buɗe ofis ya kafa allo ya ce sana'arsa ke nan, shi wannan akwai dokar da ta hau kansa.

Ɗan Badariya, satifiket ɗin CAC da ka gani a bango ba ya nufin komai sai cewa an yi wa sunan rajista, mai shagon sayar da siminti ma yana da shi. Abin da ake tambaya shi ne lasisin ɗaukar ma'aikata, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba da shi, kuma sabunta shi ake yi, ba a ba mutum na har abada, don haka ka duba kwanan watan da ke jiki. Ma'aikatar tana da ofis a kowace jiha, ka je na Birnin Kebbi da sunan ejansin a rubuce ka tambaya ko sun san da su, ba a biyan ko sisi a kan tambaya. Sannan masu lasisin suna da ƙungiyarsu da ake kira HuCaPAN, ka tambayi mutumin ko suna ciki ka ga yadda fuskarsa za ta yi. Kuma akwai yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181 ta shekarar 1997 wadda a kan irin waɗannan ejansin aka yi ta, ƙa'idar da ke ciki ita ce kada a caji mai neman aiki, Najeriya ta amince da ita a 2023. E na sani, takarda daban abin da ke faruwa a titi daban, amma dai ka san ba alfarma kake roƙa ba in ka ce ba za ka biya ba.

Ku tuna abin da ya faru a watan Maris na 2014 lokacin ɗaukar ma'aikatan shige da fice, wani kamfani aka ba aikin karɓar takardu, kowa ya biya naira 1,000, dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa a kan guraben da ba su kai 5,000 ba, aka yi turmutsitsi mutane suka mutu a Abuja da wasu garuruwa. Naira dubu ɗaya ce fa kawai, amma da ka ninka ta da yawan mutanen sai ka gane inda kasuwar take. Shi ya sa yanzu duk sanarwar ɗaukar aikin Immigration ko Civil Defence ko 'yan sanda za ka ga an rubuta kyauta ne, a shafinsu ake cikewa, duk ejan ɗin da ya ce yana da gurbi a can na sayarwa ƙarya yake ko kuma laifi yake jawo ka ciki.

Sai kuma naku laifin masu neman aikin, don kullum ejansi ake zagi. Ina ganin CV iri-iri, wani shafi biyar har da sunan firamare da sunan mai unguwa, lambar wayar da ke kai kuma a kashe, ko a kira ƙanensa ya ɗauka ya ce ya fita. Mai tantancewa yana da takardu 300 a gabansa, in ya kira sau biyu bai same ka ba ya wuce. Ka yi shafi ɗaya ko biyu, ka sa imel mai sunanka na gaskiya, kuma shagon POS ɗin nan da kake rainawa ka rubuta shi, wata goma sha ɗaya kana riƙe kuɗin mutane kana daidaita lissafi kullum da dare, ga mai neman tela ko kashiya wannan ya fi masa wani kwas na kwana uku da aka ba ka satifiket mai ado. Kar ka rage shekaru, NIN ɗinka zai tona ka. Ka faɗa musu gaskiyar inda za ka iya zama, in ba za ka iya Legas ko Fatakwal ba ka ce ba za ka iya ba, wanda aka tura intabiyu ya ƙi zuwa ba tare da ya sanar ba da wuya a sake kiransa. Kuma ba aure kuka ɗaura ba, ka yi rajista da uku ko huɗu, ka sa CV a shafukan neman aiki na intanet irin su Jobberman da LinkedIn, duk sati biyu ka ɗan tura saƙon gaisuwa ga wanda ke riƙe da fayil ɗinka, ba kira goma a rana ba.

In aiki ya fito, ka nemi takarda. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, amma ni shawarata kar ka fara sai ka gani, ka karanta wa ne mai aikinka a cikinta, kwana nawa ne notis, wa zai biya asibiti in ka ji rauni a wurin aiki. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa ƙananan makarantu da shaguna ke biyan abin da suka ga dama, amma banki ko babban kamfanin shinkafa ba su da wannan uzurin. Lambar asusu za su buƙata don albashi, wannan daidai ne bayan an ɗauke ka, amma duk wanda ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka ko PIN na kati, kashe wayar kawai.

'Yar Argungu:

Ni dai tawa gudummawar ta ɓangaren mata ce don na san akwai masu karantawa ba sa magana. Ƙanwata saura ƙiris ta tafi, wata mata ce ta zo har gida da hotuna a waya wai ejan ce ta aikin Saudiyya, aikin gida ne mai sauƙi ga Umra kyauta, ba sai an biya komai yanzu ba za a riƙa cirewa a albashi. Kun ga ita ba ta nemi kuɗin fom ba ma, shi ya sa mamanmu ta saki jiki. Da yayanmu ya ce a kawo kwantiragin a rubuce a ga sunan mai gidan da garin da nawa ne bashin da wata nawa za a yi ana cirewa, sai magana ta canza, wai fasfo ma su za su riƙe, bizar kuma ta ziyara ce in an isa za a juya ta. Nan ya ce a'a. Wata ƙawarta da ta bi ta hannun matar shekara biyu ke nan, in ta samu waya ta kira kuka take yi. Don haka rashin neman kuɗi a farko ma ba shi ne shaidar gaskiya ba, wani bashin ya fi 15,000 nauyi. Duk wadda aka yi wa irin wannan tayin ta kai maganar NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, kafin ta miƙa fasfo, aikinsu ke nan.

Ɗan Badariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Kawu na ji maganar gwaggo kuma ban karɓi kuɗin ba. Ban jira Litinin ba na koma yau da safe. Na tambayi lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ya ce yana hedikwatarsu a Abuja, na ce to a turo hotonsa ta WhatsApp ya ce mai riƙe da makullin ya yi tafiya. Da na ambaci HuCaPAN sai ya ce wace ce haka. Na ce to zan ba da fotokofi kawai kuma a cire 15,000 ɗin daga albashin farko, sai ya yi dariya ya ce don ni ne in kawo 10,000, da na miƙe zan fita ya dawo 7,000, kuma lambar asusun da ya rubuto min sunan mutum ne ba sunan kamfanin da ke jikin bana ba. Daga nan na hau kabu-kabu na je ƙofar wani kamfanin shinkafa da kaina na tambayi mai gadi, ya haɗa ni da wani a ofis, ya ce su leburorin loda buhu ne suke ɗauka ta hannun ɗan kwangila, ma'aikatan ofis kuwa takarda ake ajiyewa ko a tura ta imel, na bar CV ɗina dai a wurinsa ko Allah zai sa.

Yaya Tsohon Ɗan Kwantiragi tambaya ɗaya ta rage min, na ga wata sanarwar tela ta wani kamfanin da ke ɗaukar wa bankuna, ba kuɗin fom, amma sun ce shekara kar ta wuce 27 kuma a kawo garanto biyu. Ni watan gobe nake cika 27 ɗin, kuma ban san wa zan nema ya tsaya min ba.

Tsohon Ɗan Kwantiragi:

Cike shi yau ɗin nan kar ka kwana, ranar da ka tura ake dubawa galibi, kuma ko a kafen intanet ne ka tabbatar ka ga saƙon da ke nuna ya shiga. Garanto sai an ɗauke ka ake kai fom ɗinsa, amma fara neman mutanen tun yanzu don shi ya fi ba ni wahala a lokacina, mutane na tsoron sa hannu saboda in kuɗi suka ɓace a kantarka su za a nema. Ni wani malaminmu na poli da ƙanen babana da ke aiki a sakatariya suka tsaya min, kuma sai da kamfanin ya tura mutum har ofis ɗin kowannensu ya gan su ido da ido, don haka kar ka rubuta sunan wanda ba ka je ka gaishe shi ka gaya masa ba. Turo min CV ɗin ta inbok in duba maka kafin ka ɗora, ka sa POS ɗin a sama kamar yadda Maman Biyu ta ce.